Turken Iyaka

Ni na riƙe wa safiyo sarƙa
shekarar da aka tsaga gundumar nan biyu.
Ina saurayi, ladana naira biyu da kwanon gwate,
na bi shi tun daga bayan Bukur
har gindin duwatsun nan masu goyon juna,
sanyi na cizon yatsuna ta cikin silifa.

Ya leƙa madubinsa mai ƙafa uku, ya ce, “Nan.”
Na haƙa, muka dasa turken siminti,
ya zana lamba da ƙusa tun bai bushe ba.
Ya ce rafi ne iyaka:
hagu ga wannan hukuma, dama ga waccan.
Rafin bai tanka ba,
don ba wanda ya tambaye shi.

Damina bakwai ya yi biyayya.
A ta takwas tsohon ramin kuza ya fashe da dare,
ruwa ya yanki hanya ta bayan gonar Dalyop,
ya bar wa ƙadangaru tsohon kwarinsa.
Gari na wayewa, Tudun Ƙerana
ta kwana a hukuma ɗaya ta tashi a wata,
ba wanda ya naɗe ko tabarma.

Taswira dai tana sakatariya,
cikin durowar da makullinta ke aljihun wani mai hutu.
A can shuɗin layi na gudana har yau
daidai inda awakin Nvou ke kiwo.

Ranar kasuwa duka biyun sun san mu.
Mai rasit fari ya zo da hantsi,
mai rasit ruwan ɗorawa ya zo da azahar,
buhun dankali ɗaya, haraji biyu.
Amma da kwalbati ta rufta
motar kabeji ta kwana uku a laka,
muka rubuta wa ta hagu, ta ce ku na dama ne tun da rafi ya kauce,
muka rubuta wa ta dama, ta ce ku duba takarda.
Kabejin ya ruɓe yana jiran a gano ko na wane ne.

Mai unguwarmu, Da Pwajok,
kalanda biyu ya rataye a zaure,
ciyaman na kallon ciyaman.
Wanda baƙonsa ya iso, sai a kife ɗayan.
Ya ce da ni, “Tanko, mai uwa biyu a murhu
shi ke kwana da yunwa,
kowace na cewa ai ya ci a can.”

Da Kangyang ta haifi ’yan biyu,
malamin asibiti ya ɗaga biro a kan layin ƙaramar hukuma.
Ta ce, “Rubuta wa Hasana ɗaya, Usaina ɗaya,
ko Allah zai sa wata ta sami makaranta.”

Motar haƙa rijiya ta zo sau ɗaya.
Ta tsaya a turkena, direba ya yi waya,
ya juya.
Har yanzu sawun tayarta na nan, acca ta tsiro a ciki.

Ni kuwa na tsufa kusa da abin da na dasa.
Mata na ɗaure tunkiya a jikinsa,
yara na fasa ɗinya a kansa,
lambar ta shafe, saura rabin bakwai.
Sau da yawa na ɗauko diga da dare,
sai in tsaya: in na tumɓuke shi, ina zan kai shi?

Jiya wani yaro ya sauka daga Jos
da riga mai walƙiya da na’ura a tafin hannu.
Ya tsaya gefena a busasshiyar ƙasa,
ya latsa, ya ɗaga sama, ya sake latsawa,
ya ce, “Baba, bisa ga wannan,
a tsakiyar ruwa muke tsaye.”

Na dube shi, na dubi awaki.
Na sunkuya na naɗe ƙafar wandona,
na ce, “To riƙe hannuna mu haye,
kada hukuma ta ce mun jiƙa mata takarda.”